Na Ce wa Mai Gida Ina da Iyali

Zuwa ga Mahbuba, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, ɗanyen dabinon da ya nuna a kan uwarsa. Assalamu alaikum.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi laifi ya rasa bakin faɗa. Na ɗauki waya sau ba adadi, da na ga sunanki sai yatsana ya ƙi dannawa, shi ya sa na koma ga biro da takarda. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Kin san bana ban samu gado a ɗakunan kwanan jami'a ba. Mako uku ina zaga Dutse a ƙafa har takalmina ya buɗe baki. Gidajen da ke kusa da makaranta duk sun cika, mutum biyar a ɗaki ɗaya, ga ƙarar janareta, ga kiɗa, ga rijiyar da ta ƙafe. A Yalwawa na dace da ciki da falo a gidan wani dattijo, Modibbo Abdurrahman, da darbejiya a ƙofa da famfo mai kawo ruwa. Ina cikin murna sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce gidansa na iyali ne, ba ya bai wa gwauro haya. Sannan ya tambaye ni ko ina da iyali.

Me kike tsammani bakina ya faɗa, ya hasken zuciyata? Cewa na yi ina da mata, tana Kiyawa wajen iyayenta. Ya tambayi sunanta, na faɗi naki. Wallahi ban fito da shirin ƙarya ba, sunan ne ya riga ni fitowa. Kin tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a rumfar masu keke a ƙofar makaranta, kika karɓi littafina kika sa shi cikin hijabinki, ke kika jiƙe, shi ya tsira, kina yi mini tsiya wai rubutuna ko bai sha ruwa ba ba ya karantuwa? Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini iyali, fuskarki nake gani. Ta yaya zan ce ba ni da kowa alhali kin cika mini ƙirji?

To amma abin bai tsaya nan ba. Inna Gaji, uwargidan Modibbo, ta sa an share ɗakin an turara shi. Ta ware miki murhu a madafi, ta ɗaura miki igiyar shanya. Kullum na dawo daga lacca, kafin in cire takalmi ta tambayi lafiyarki da ranar da za ki tare. Ranar Juma'a ta dama fura da nono a sabuwar ƙwarya ta ce in kai miki Kiyawa. Na zauna da ƙwaryar a gabana, na kasa sha, na kasa mayarwa. Modibbo kuwa, da yake shi ne limamin unguwa, ranar da tari ya matsa masa, ni ya tura gaba na ja musu salla. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Jiya bayan La'asar na durƙusa a gabansa na faɗi gaskiya. Yana jan carbi ya saurare ni har ƙarshe. Da ya buɗe baki, bai yi maganar ɗakinsa ba, sunan 'yar mutane da na ɗauka ba da saninta ba shi ne ya ɓata masa rai. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata: ko in kwashe kayana, ko in nemi izininki, shi da kansa ya ɗauko kawuna Yahuza daga Taura su je gaban Baffanki. Sharaɗinsa ɗaya, ki yarda don kina so, ba don kin tausaya mini ba.

Ni ma sharaɗina ke nan. Kada ki ce to saboda ɗaki. Zan iya zama na shida a ɗakin mutum biyar, in yi karatu a gindin bishiya, ba zan mutu ba. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne mu haɗu a hanyar aji ki kau da kai. Ki yafe mini, Mahbuba. Ina son ki, so mai nauyi, wanda ya fi ƙarfin wayona. In kin amince, karatunki ba zai tsaya ba ko na rana ɗaya, na yi miki wannan alkawari a gaban Allah, kuma zan maimaita shi a gaban iyayenki.

Katifata tana naɗe a bakin ƙofa. Ban shimfiɗa ta ba, ban fita da ita ba, amsarki nake jira.

Naki har ƙarshen numfashi, da ɗaki ko babu,
Ikrima