Takardar da Na Sa wa Hannu

Kagoro, 9 ga Yuli

Ɗan'uwana Meshak,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya Hellen da yara? Yaya ciwon bayan naka? Mu nan lafiya lau, Angelina tana gaishe ku. Ruwa ya sauka sosai, masarata ta bayan gida har ta kai ƙugu.

Ka tambaya ko na huce. Ban huce ba. Shekara goma sha tara ina koyar da tuƙin jirgin sama a makarantar nan, ina sa ɗalibai cikin akwatin koyo, wanda yake girgiza yana karkata kamar jirgin gaske. Ɗalibi ya fito jiƙe da gumi, amma jikinsa ya koyi abu. Sai sabon shugaba ya ce ya gaji da gyaran akwati, a kawo tabarau. Yanzu ɗalibi zai zauna a kujerar ofis, ya ɗaura tabarau a ido, ya ga sama da titin sauka, yana juya wani ɗan abu mara nauyi.

Ban taɓa cewa tabarau ba shi da amfani ba. Yana koya wa ido hanya. Abin da na faɗa a taro shi ne hannu da ƙafa ma suna bukatar malami. Aka ce tsufa ne ke damuna. Kai da muka fara aiki rana ɗaya, ka sunkuyar da kai kana latsa waya. Bayan wata biyu aka miƙo mini takardar ritaya da agogon bango.

Ka gai da mutanen coci.

Naka,
Ezekiyel

Kagoro, 2 ga Oktoba

Meshak,

Ina fata kuna lafiya, kai da iyali. Ni jikina kalau, zuciyata ce ba lafiya.

Jiya na je Kwoi duba Peculiar, ɗalibar nan tamu da jirginta ya kife ranar da ta fara tashi ita kaɗai. A bakin wani direba a tashar Kafanchan na ji labarin, ba a bakinka ba. Iskar gefe ta buge ta wajen sauka, jirgin ya bar titi. Likita ya ce ƙafarta ta dama ba za ta ƙara taka fedar jirgi ba. Makaranta kuma ta rubuta cewa kuskuren ɗaliba ne.

Babanta manomin citta ne. Ya taso daga gona da laka a ƙafa, ya ba ni kujera mafi kyau a gidan, yana ta godiya wai malamin 'yarsa ya zo.

Da muka rage mu biyu, ta ce mini, "Malam, komai na gan shi daidai kamar a tabarau. Amma sandar tuƙi ta yi mini nauyi, ƙafata kuma ba ta san abin yi ba." Sannan ta ce, "Ka san ban shirya ba lokacin da ka sa hannu?"

Na sani, Meshak. A makona na ƙarshe aka tara mini takardun ba ɗaliban tabarau izinin tashi su kaɗai. Fushi ya cika ni, na ce a raina tunda abin da suke so ke nan, su ɗanɗana. Na sa hannu ban buɗe ko ɗaya ba. Shugaba ne na so in ƙuntata wa, sai ga shi yarinyar mutane ce a kwance.

Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta juya fuskarta bango, ta ce in ja mata ƙofa.

Na rubuta wa masu binciken haɗarin jirgin sama duk abin da ya faru, na fara da laifina. Kai ma hannunka yana kan takardarta, ƙarƙashin nawa, kuma sauran ɗalibai shida na wannan ajin suna jiran ranar tashinsu. Ranar Litinin zan kai wasiƙar da kaina, na bar maka wurin sa hannu. Idan ba za ka zo ka sa hannu ba, kada ka ƙara rubuto mini kana tambayar lafiyata.

Ubangiji ya yi mana jinƙai.

Ezekiyel Kumai