Ƙullin Irin Kuɓewar Kaka

Asabar, 27 ga Mayu

Yau na yi tsiyar da ta fi ta kwaɗon da na sa a takalmin tela. Kaka tana da wani ƙullin tsumma da take ajiye irin kuɓewarta a ƙarƙashin matashi. Wai irin uwarta ne, da shi ta zo gidan nan, duk shekara ta shuka a fangalin bayan ɗaki, ta bar 'ya'ya su bushe, ta sake ƙullewa. Shekara hamsin da wani abu. Na mulmula yumɓu ƙanana daidai girman irin, na shanya kwana biyu, na juye nata a gwangwanin madara, na zuba mata nawa. Yanar ido ta rufe mata gani, yatsunta kuma ba su ji sosai. Gwangwanin yana kan katanga ƙarƙashin kwanon rufi.

Mako ɗaya kawai zan bar ta, sannan in fito da shi. Dariyar da zan sha!

Talata, 30 ga Mayu

An yi ruwa. Ta fito da sandarta ta shuka, uku uku a rami, da bisimilla a kan kowanne. Ni na riƙe mata ƙwarya ina cizon leɓe. Ta ce, "Maigida, me kake wa murmushi?" Na ce, "Kyanki, amarya." Ta ce in tafi can, ita ba ta auren mai ƙafa kamar muciya.

Na dasa mata tumatir da tattasai, ta watsa alayyahu.

Laraba, 7 ga Yuni

Alayyahu ya fito. Wurin kuɓewa fayau kamar allon da aka wanke. Kullum da safe ta durƙusa ta shafa ƙasa da tafin hannu. Gobe zan ba ta.

Alhamis, 8 ga Yuni

Na hau katanga. Ban rufe gwangwanin da kyau ba. Ɓera. Ɓawo ne kawai da kashinsa. Na zazzage a kan riga na tsince, guda biyar suka rage masu lafiya.

Biyar.

Lahadi, 11 ga Yuni

Ta tona rami ɗaya da yatsa, ba ta sami komai ba, ko ruɓaɓɓe. Yumɓu ai ya koma gidansu. Ta zauna a ƙasa ta daɗe tana murza tafinta. Ta ce wa Baba, "Ƙasa ta ƙi hannuna. Haka ta yi wa innata shekarar da za ta tafi." Baba ya ce ta daina irin wannan magana, iri ne ya tsufa. Ta ce irin bara ne, ita ce ta tsufa.

Ina tsaye da bokiti. In na faɗa, Baba sai ya karya ni, wannan ba komai. Fuskarta ce ba zan iya kallo ba.

Litinin, 12 ga Yuni

Na shuka biyar ɗin a bayan kejin kaji inda ba mai zuwa, na sa taki, na kewaye da ƙaya. Na kuma roƙi tsiro goma wurin mai lambun bakin rafi, na dasa a ramukanta tana barcin rana. Kuɓewa ai kuɓewa ce.

Juma'a, 23 ga Yuni

Shida sun kama. Na ja ta da murna, "Amarya, zo ki ga 'ya'yanki sun yi lattin fitowa!" Ta shafa ganye ɗaya, ta bi karan da yatsa har ƙasa. Ta ce, "Wannan mai ƙaiƙayi ce. Tawa sumul take. Wa ya kawo min agola?" Na ce ni ne. Ta ce Allah ya yi min albarka, na ji tausayin tsohuwa.

Gara ta zage ni.

Asabar, 1 ga Yuli

Cikin biyar biyu suka tsiro. Yau na tarar tsutsa ta datse ɗaya daga gindi. Na tono ta na ba kaza, na zuba toka. Saura ɗaya.

Talata, 11 ga Yuli

Ta daina fitowa fangali. Ni ke cire ciyawa, ni ke kafa wa tumatir sanda. Hannuna duk kanta. Abokina ɗan mai gyaran keke ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam manomi, a sayar min da ganye na sisi." Na jefe shi da hoge, ban same shi ba.

Inna ta ce abincin Kaka yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Kaka ta raba zannuwanta biyu ga ƙannena.

Laraba, 19 ga Yuli

Na faɗa mata. Na zauna bakin gado na faɗi duka, yumɓu, gwangwani, ɓera. Sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. "Kai dai, maigida, ba ka rasa abin faɗa. Yumɓu! Don in ci abinci ka shirya wannan?" Na ce wallahi. Ta ce, "Ranar da ka ce min akuya ta haifi 'yar kyanwa ma wallahi ka ce."

Na je wurin Inna, ta ce in fita mata daga madafa, ba lokacin shaƙiyanci ba ne.

Malam ya taɓa ce mana mai yawan rantsuwa ranar da yake buƙatarta zai tarar ta ƙare. A lokacin ina ɗaure wa na gabana gefen riga da tabarma.

Alhamis, 3 ga Agusta

Kuɓewar bayan keji ta yi fure. Rawaya, cikinsa ja. Karan sumul.

Alhamis, 10 ga Agusta

'Ya'ya uku, babban ya kai yatsana. Na so in tsinko in kai mata, na ga in na tsinka ya tashi daga iri. Sai na goya Kaka. Ba nauyi, kamar damin kara. Tana ta faɗa, "Ina za ka kai ni, ja'iri, kaji za ka aura min?" Na durƙusa da ita a bayan keji, na ɗora hannunta a kai.

Ta shafa karan. Ta shafa ɗan, ta ƙirga gefensa da farce. Ta sake. Ina jin numfashinta a wuyana.

Ta ce, "A ina ka samu?"

Na ce, "Biyar ɓera ya bari."

Ta sake shafa karan. Sannan ta ce, "Ashe yumɓun gaskiya ne." Na ce eh. Ta ce, "Wata biyu ina tsine wa hannuna." Ta ce, "Kada kowa ya tsinka. A bar su su bushe a jikin uwarsu, sai sun fara tsagewa. Mai da ni ɗaki, yaro."

Yaro. Tun da aka haife ni ba ta taɓa ce min yaro ba.

Litinin, 14 ga Agusta

Ta ɗan ci abinci jiya da yau. Inna tana murna. Kaka ba ta gaya wa kowa zancen yumɓun ba. Na shiga na ce, "Amarya, an tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya. Ka ba kuɓewar ruwa?" Shi ke nan.

Lahadi, 20 ga Agusta

Kaka ta rasu da hantsi. Allah ya jiƙanta.

Talata, 22 ga Agusta

Gida cike da masu gaisuwa. Gwaggo ta zagaya neman abin miya, na same ta hannunta a kan babban ɗan. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Ta ce, "Yau ga ɗan banza, a kan kuɓewa uku?" Baba ya mare ni a gaban mutane. Na kwashe na agolar duka na ba ta, da tumatir. Na kifa tsohon kwando a kan tawa na ɗora dutse.

Likita ya ce zuciya ce, dama ta daɗe. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani. Amma wata biyun nan da ba ta ci ba.

Asabar, 23 ga Satumba

Sun tsage. Na ɓare a kan faranti: ɗari da goma sha huɗu. Na ƙulle a tsummanta, na sa ƙarƙashin matashina.

Ba wai na zama manomi ba ne. Abin nata ne, dole wani ya riƙe.

Ɗan mai gyaran keke ya zo, wai ya samo ƙadangare, liman ya bar takalminsa a waje. Na ce ƙafata na ciwo. Ya ce tun yaushe. Na ce tun ɗazu.

Da ya tafi na kwance ƙullin na sake dubawa. Na ɗauki ɗaya na ɗan gatsa da haƙori. Iri ne.