Tsohon Danƙon da Na Bari a Tankin Kifin Alhaji

Assalamu alaikum Edita, da masu karanta wannan shafi da ke iso mana Garwa a hannun direbobin Yola. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin wani ya buɗe baki ya zage ni, ya bari ya ji ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini bai kai wanda nake yi wa kaina ba.

Ni mai yankan gilashi ne a shagon yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Bari in kira shi Yaya Sale. Shi ya koya mini sana'a, shi ya yi mini aure, amma har yau da nake da iyali, a idonsa ni mai riƙe masa gefen gilashi ne kawai. To, wani Alhaji dillalin shanu ya sayi kayan gidan wani Nasara na kamfanin auduga da zai koma ƙasarsu, a ciki har da akwatin gilashi na kiwon kifi. Kifin ma ba na miya ba, 'yan mitsi-mitsi masu launi, a garin da Binuwai ke ba mu giwan ruwa! Alhaji ya girke shi a falo, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, baƙi na zuwa kallo. Can ƙasan akwatin, cikin kabad, akwai ƙaramin tanki inda ruwa ke gangarowa ya tace, inji ya mayar da shi sama. Wannan ƙaramin tankin ne ya fara yoyo, aka kira mu mu wargaza shi mu sake haɗawa.

Danƙon da ke riƙe irin wannan gilashi silikon ne, mu muna ce masa kol. Ka'idarsa ɗaya ce: sabo ba ya kama tsoho. Sai ka sa reza ka kankare tsohon tas, har ɗan siririn saura da ido ba ya gani, sannan ka goge da alkol na farmasi, wato kantin magani. Idon Yaya ya fara rauni, saboda haka kankara aikina ne, shafa sabon danƙo nasa.

Ina durƙushe a tsakar gidan Alhaji, reza ta gama yanyanka mini yatsu, na buɗe kwalbar alkol ke nan, sai ga Alhaji ya fito rakiyar baƙi. Ya ja hanci ya ce, "Kai! Warin me nake ji? Giya a gidana?" Na ce, "Alhaji, alkol ne na goge gilashi, irin wanda ake shafawa a asibiti kafin allura." Ya ce, "Ko ta asibiti ce ko ta mashaya, giya giya ce. Sale, ashe mashayi ka kawo mini gida?" Baƙi suka kwashe da dariya. Ni, mashayi? Ni da ko ƙofar mashaya ban taɓa leƙawa ba? Na dubi Yaya ina jiran ya tare mini. Kun san abin da ya yi? Ya rusuna ya ce, "Tuba muke, Alhaji, yarinta ce." Ya fizge kwalbar ya tuttular a kwata. Yarinta! Da furfura a gemuna! Da suka wuce Yaya ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ka yi haƙuri, mai gida ne. Ƙara bi da reza sosai, ka wanke da sabulu, ka shanya. Zai yi."

Da na bi maganarsa, da ya yi ɗin. Amma zuciyata tafasa take. Na jefar da rezar, na bar tsohon danƙo a kusurwoyi, na jiƙa tsumma da kananzir na goge gilashin har ya yi ƙyalli, na bar shi a rana wari ya fita. Kada wani ya ce kuskure ne. Na san kananzir na barin maiƙo, na san danƙo ba zai zauna a kansa ba. Cewa na yi a raina, tunda Alhaji ya fi mu sanin aikinmu, bari kifinsa su yi iyo a kan darduma. Yaya ya zo da sabon danƙo ya tambaye ni, "Ka kankare tas?" Na kalli tsakiyar idonsa na ce, "Tas."

Ba a yi nisa ba, wata Juma'a ana masallaci, tankin ya buɗe. Ruwa ya malale dardumomin falo, injin ya ƙone, kafin a ankara zafin Garwa ya gama da kifin. Da labari ya zo mini, wallahi daɗi na fara ji, ina jin kunyar faɗar haka amma gaskiya ce. Daɗin bai kwana ba. Alhaji bai ko tuna da ni ba, a kan Yaya ya ɗora laifin. A kasuwar shanu, a ƙofar masallaci, duk inda ya zauna sai ya ce Sale ya makance, hannunsa ya mutu. Masu kawo mana tagogi da madubai suka ɗauke ƙafa. Haushin kaza ya huce a kan dami. Alhaji kuwa me ya rasa? Ya mayar da akwatin ma'ajiyar tangaran, yana nan yana dariyarsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Yaya bai taɓa tuhumata ba. Da ma ya shaƙe ni ne, da na samu bakin ramawa, in ce masa shi ya fara sayar da ni a gaban baƙi. Ina! Shekaranjiya ya kira ni cikin shago, ya zaro diyaman ɗinsa, wato alƙalamin yankan gilashi da ya gada wurin wanda ya koya masa sana'a, wanda ko taɓawa ba ya bari in yi. Ya danƙa mini ya ce, "Na san kankararka, ba ta da na biyu. Hannuna ne ya yi rawa. Riƙe shagon, ni zan koma garin Gider wurin surukina in riƙa tsare masa rumfa." Matata har da guɗa, wai Allah ya ɗaga mu. Abin da na daɗe ina so ke nan, amma ta wannan hanyar?

Har yanzu ina fushi da Alhaji, ina fushi da Yaya kan kalmar nan ta yarinta, amma wanda na fi jin haushi shi ne mai rubuta muku wannan. In na faɗa masa, zai san hannunsa lafiya lau yake, amma zai san ƙanensa ne ya kayar da shi yana kallon idonsa. In na yi shiru, zai tafi ya ƙarasa rayuwarsa yana ganin ya gama amfani. Ya riga ya fara ɗaure kaya, ƙarshen wata zai hau mota. Diyaman ɗin na aljihuna, ko gilashi ɗaya na kasa yankawa da shi.

Jama'a, ku dubi Allah ku ba ni amsa kafin motar ta tashi. Me zan yi?