Masu Presiyon na Bayan Filin Ƙwallo

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Mairo da yara. Ya ƙafar taka? Mu nan Garwa sai godiya.

Ka san likita ya ce in ban motsa jiki ba hawan jinin nan zai kwantar da ni, shi ya sa nake tattaki kullum da safe. Watan jiya maƙwabcina Bello mahauci ya ce mini, "Malam, akwai masu presiyon a bayan filin ƙwallo, je ka su taɓa ka." Da yake presiyon matsi ne da Faransanci, kamar matsin jini, na ɗauka masu maganin hawan jini ne, na tafi da babbar riga da ƙwayoyina a aljihu.

Ashe 'yan karate ne, masu koyon inda ake danna wa mutum a jiki ya zube! Malaminsu ya ce, "Baba, kawo hannu." Ya sa babban yatsa kusa da gwiwar hannuna, sai ga ni a durƙushe. Na yi dariya har da hawaye. Rabona da irin wannan dariya tun ranar da aka sallame ni daga aiki, aka ba yaran manya kujerata.

Yanzu ina tattakina da safe, ran Asabar kuma ina wurinsu. Likita ya auna, ya ce jinin ya sauka, in ci gaba, amma kada in bari su taɓa mini wuya.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. In ka zo da Sallah, ka miƙo mini hannu a hankali.

Yayanka,
Hamidu