Minti Biyar da Baba Ya Yi Yana Kallon Sama

Banat, 9 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Radivoj,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Slavka da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada, don na ji an ce ƙanƙara ta fara sauka a wajenku tun mu ba mu gama kwashe masara ba. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. Mijina Gavra yana nan da ciwon bayansa da surutunsa, babu wanda ya ragu a cikin biyun. Barkono ya yi kyau bana, na cika kwalba talatin da ajvar, markaɗen gasasshen barkonon nan namu. Baba yana cin abinci, yana shan maganinsa, jikin dai babu laifi. To, gaisuwa ta tsaya nan. Ka san rubuta takarda ba ɗabi'ata ba ce, ga waya a hannu. Na zaɓe ta ne don a waya kana iya katse ni ka ce ana jiranka a wurin aiki. Fushi nake da kai, Rade, irin wanda ban taɓa yi da kai ba tun da aka haife ka. Yau sati uku ke nan Baba ba ya magana da amininsa kum Obrad, ubanka na baftisma, kuma kai ne sanadi.

A watan Yuni na gaya maka maganar idon Baba. Na ce likita ya ce tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa, ba yanar ido ba ce balle a kankare, na kuma roƙe ka ka bar zancen tsakanina da kai. Abin da ban faɗa maka ba, don ban zaci da bukata ba, shi ne duk 'yan kulob ɗin gasar harba ƙananan rokoki sun sani tun bara waccan. Mutane ba wawaye ba ne. Shekara arba'in da ɗaya Baba yana riƙe agogo ranar harbi. Aikin ai ka san shi, ko da yake ka daɗe rabonka da filin: roka ta tashi, lemar saukarta ta buɗe, masu agogo biyu su bi ta da madubin hangen nesa har ta sauka ko ta ɓace, wanda lemarsa ta cika minti biyar a sama ya cinye makin duka. Kullum Baba da kum Obrad ake haɗawa, kum ɗin nan da ya riƙe ka a hannu ranar da aka yi maka baftisma har ka jiƙa masa riga. Da idon ya fara tafiya babu wanda ya ce uffan. Sai kum ya riƙa tsayawa kafaɗa da kafaɗa da shi, inda ya juya Baba ya juya, in lema ta taɓa ƙasa ya yi gyaran murya su danna tare. Lokacin da ake rubutawa na gaskiya ne, ba a taɓa cutar kowa da sakan ɗaya ba. Ko su biyun ba su taɓa zancen a tsakaninsu ba, kulob kuma ya rufa musu asiri shekara biyu cur.

Ranar Asabar ɗin tsakiyar Satumba aka yi harbin ƙarshen rani a makiyayar bayan gari. Gari ya yi kyau, babu iska sosai, an kafa sanduna da ƙyallaye don a ga lokacin da iska mai ɗumi ta fara tashi sama. Mun yi baƙi daga wani kulob na arewa, mota huɗu. Ni kuma kamar kullum aka bar ni da tukunyar wake, wai tawa ce ke yin kauri. Baba tun da safe ya sa farar hularsa, ya rataya madubinsa, yana ta tsokanar Gavra cewa rokarsa ta yi kama da tsiran alade da aka manta a rana. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kafin Mama ta rasu. Ana cikin haka Zvonko, sabon shugaban kulob, ya fito da takarda ya ce bana za a gauraya masu agogo don a girmama baƙi. Ya tura kum Obrad can ƙarshen layi, ya haɗa Baba da wata mata daga cikin baƙin, Ildiko, mutuniyar kirki wadda ba ta san komai ba. Na ga kum ya je ya yi wa Zvonko magana a kunne, Zvonko ya ɗaga kafaɗa yana kallon takardarsa kamar ba shi ya rubuta ta ba. Baba kuwa ka san shi da girman kai. Da ya buɗe baki ya ce a bar shi da kum, gara masa ya haɗiye garwashi.

Sai ƙaddara ta sa roka ta farko da aka ba Baba da Ildiko su ƙirga ta Gavra ce. Shi kuma gwanin naka ya naɗe lemarsa tun da sassafe ya bar ta cikin mota a rana, ya kuma manta bai barbaɗa mata hoda ba, abin da Baba ya shekara ashirin yana yi masa faɗa a kai. Aka ƙirga daga biyar, roka ta tashi tsaf, lema ta fito ta ƙi buɗewa, ta dunƙule kamar tsumman goge tebur ta faɗo bayan rijiyar shanu. Sakan arba'in da ɗaya. Ildiko ta danna agogonta ta sauke madubi. Baba bai sauke nasa ba. Yana tsaye, ya ɗaga kai, agogo na tafiya a hannunsa, yana jiran gyaran muryar da ba za ta zo ba.

Za ka ce don me ba wanda ya taɓa shi. Kai ma ka san dalili in ka yi tunani. Dokar filin nan ita ce ba a magana da mai agogo muddin agogonsa na tafiya, ko da abokin aikinsa ne, kuma Baba ne ya kafa ta da kansa. Ka manta shekarar da ya kori limamin cocinmu daga layi don kawai ya tambaye shi ƙarfe nawa? Ildiko ta bi doka ta yi shiru, tana dubansa tana duban sama ko akwai abin da ita ce ba ta gani ba. Namu duk suka sunkuyar da kai. Kum yana can yana bin lemar wani, ba halin ya sauke ido. Ni ina bakin tukunya da ludayi a hannu. Na yi taku biyu na tsaya, don na san in na je na ja hannunsa a gaban baƙi ni ce na tona shi. Na yi ta roƙon Allah ya sa ya gane da kansa. Har yau ina jin haushin kaina a kan takun nan biyu, ba sai ka tuna mini ba. Gavra ya je ya ɗauko rokarsa ya dawo, ya tsaya da ita a hannu kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta, Baba yana nan yana kallon sararin da babu ko tsuntsu a cikinsa. Da agogo ya yi ƙarar minti biyar ya danna, ya ɗaga murya yadda ya saba ya ce lema ta cika, a rubuta wa Gavra maki duka.

Wani dogo cikin baƙin, mai jar riga, ya tuntsire da dariya ya ce, "Ashe haka ake yi a garinku? Suruki ya harba, suruki ya ƙirga? Dattijo, ai da ka bari ya ɓoye rokar a aljihu tukuna." 'Yan uwansa suka ɗauka, wani ya ce yanzu ya gane yadda kulob ɗinmu ya tara kofuna. Baba ya juya yana neman mai maganar, fuskarsa ta yi fari fat. Mutumin da ya taɓa soke makin ɗansa na cikinsa, kai ɗin nan, don rabin sakan, shi ake kira macuci a filin da ya share da hannunsa. Nan kum Obrad ya iso yana haki, da sandarsa da komai, ya tsaya a gaban mai jar rigar ya ce, "Rufe mana baki, ɗan samari. Milutin ba ɓarawo ba ne. Ba ya gani ne. Shekara biyu ni nake gani masa." Ban ga abin da kum zai faɗa ba in ba wannan ba, don ko dai a tafi da sunan Baba a matsayin macuci, ko a san gaskiya. Baba ya cire madubin daga wuyansa, ya lalubi tebur ya ajiye shi tare da agogon, ya ce, "Na gode, kum." Daga nan ya kama hanyar gida a ƙafa, ya ƙi shiga motar kowa. Na bar wa Gavra ludayi na bi shi a baya, kilomita uku, bai waiwayo ba.

Washegari na tare Zvonko a ƙofar gidansa. Ban sha wahala ba, mutumin ba shi da ƙashin baya. Ya ce kai ka kira shi daga Kalgari a watan Agusta. Wai ka ce masa idon Baba ya mutu, ana wasa da hankalin tsoho, wata rana roka za ta faɗo masa a ka bai gani ba, kuma a ƙasar da aka san doka da tuni an sallame shi cikin mutunci. Shi kuma maimakon ya zo ya same ni, ko ya zauna da Baba su sha kofi, sai ya ce bari ya raba Baba da kum ya gani da idonsa. Ya gani. Na faɗa masa abin da ya sawwaƙa, har matarsa ta rufe taga. Amma Zvonko wawa ne kawai, kai ne ka ba shi sanda. Na san za ka ce tsoro ne ya sa ka, don kana son Baba. Ban musa ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara tara ba ka taka filin nan ba. Ni nake kai shi asibiti, ni nake karanta masa takardar magani, ni na san cewa Asabar shida ɗin nan na harbi su ne ke tashe shi daga gado sauran kwanakin shekara. Da ka tambaye ni da na gaya maka rokar da kake tsoro takarda ce da ɗan itace, ba ta kai nauyin ƙwai ba.

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Baba ya zauna ya yi lissafinsa, ya ce Zvonko ba zai raba su haka kawai ba sai da wani ya kai masa magana, kuma wanda ya san sirrin nan mutum ɗaya ne. A ganinsa kum ne ya gaji da ɗawainiya da shi ya kai ƙara a ɓoye, sannan ya ƙarasa shi a bainar jama'a. Sau uku kum yana zuwa ƙofar gida, sau uku Baba yana sa ni in ce barci yake. Na ƙarshen na raka shi har bakin titi na gaya masa abin da Zvonko ya faɗa. Ashe ya riga ni sani. Ya kama hannuna ya ce, "Smiljka, bar shi a kaina. Ni na tsufa, abokai kuma ana yin wasu. Ɗa namiji ɗaya gare shi." Shekararsa tamanin da ɗaya, wane aboki zai yi yanzu? Tun suna aji uku suke tare da Baba, su biyu suka harba rokar farko a garin nan har suka ƙona wa kakarmu rumfar inabi. Na ce masa na ji, amma ban yi alkawari ba.

Slava, bikin waliyyin gidanmu, saura sati uku, ranar Waliyyi Luka. Tun kafin a haife mu kum Obrad ne ke zama a hannun daman Baba, su juya gurasar biki tare su gutsura. Jiya Baba ya ce mini bana kada in sa masa kujera. Ni kuwa zan sa ta, ko sama da ƙasa za su haɗe. Abin da nake so da kai guda ɗaya ne. Kafin ranar, ka kira Baba da kanka, ba saƙo ba, ba ta bakin Slavka ba, ka ce masa kai ne ka kira Zvonko, kum bai san komai ba. Zai yi fushi, mai yiwuwa ya kashe wayar, mai yiwuwa ya yi wata bai ɗaga taka ba. Ka daure, kai da shi jini ne, zai huce. In ranar ta zo ba ka kira ba, ni zan faɗa masa da bakina kafin a kunna kyandir, kuma ka san in daga wurina ya ji abin zai fi muni. Ba na so in yi, Rade. Ni na goya ka, ba na son in zama mai kai ƙararka. Amma ba zan zuba ido kum ya shiga kabari da laifin da ba nasa ba.

Ka gaishe mini da Slavka, ka ce na gode da rigar sanyi, ta yi mini daidai. Ka sumbaci Teodora da ƙaramin Vukašin, ka ce gwaggonsu na kewarsu. Gavra yana gaishe ka, ya ce ya rantse ba zai ƙara naɗe lema ba hoda ba, yanzu da ba ta da amfani. Inna Leposava ma tana gaisuwa. Kum Obrad ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana fama da ciwon cikin nan, wai yana da shayin da zai aiko maka. Baba ya shigo ya tarar ina rubutu, ya tambaye ni wa nake rubuta wa, na ce kai. Ya ce kada in ba ka labarin abin da ya faru a fili don kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Ya ce in gaishe ka da kyau, in kuma gaya maka cewa cikin duk waɗanda ya yarda da su, kai kaɗai ne ba ka taɓa ba shi kunya ba.

Na isar da saƙonsa kamar yadda ya faɗa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Yayarka,
Smiljka