Huhun Mahauci

Talata Mafara, 12 ga Satumba

Zuwa ga maigidana, Baban Mufida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Birnin Tudu lafiya, ka iske Yaya Sadi da iyalinsa ƙalau. Ya jikin? Ya tarin? Tunda an rufe layukan waya, Dikko direba na ba wannan takarda.

Ka tafi ba ka jira sakamako ba. Likitan Sakkwato ya ce sai an yi sati uku ana binciken ɗan naman da suka ciro daga huhunka, kai kuwa kallo ɗaya ka yi wa hoton ƙirjin ka yanke wa kanka hukunci. Wai shekara talatin kana fiɗar shanu, ka san irin huhun da malamin duba nama ke sawa a binne. Malam, kai ba sa ba ne. Jiya na je ɗauko wuƙaƙenka in wanke, na tarar ka rabar da su kaf.

Don Allah ka dawo gida.

Matarka,
Lantana

Talata Mafara, 5 ga Oktoba

Baban Mufida,

Ina gaishe ka, ina yi maka ya jiki. Albishirinka. Ni da Mufida mun je mun karɓo sakamakon, ba ciwon daji ba ne. Ƙari ne wanda ba ya yaɗuwa. Likita ya ce da wuya ake samun irinsa, shi kansa bai taɓa cin karo da shi ba sai a littafi. Har yana neman izininka ya rubuta bayaninsa don sauran likitoci su ƙaru, ba tare da sunanka ba. Ka ga ko a ciwo sai da ka fita daban.

Sai dai ƙarin ya tsaya a hanyar iska, shi ke jawo tarin da zazzaɓin nan. In ba a cire shi ba, huhun zai lalace. An sa ranar aiki, Alhamis 21 ga wata. Ga takardar nan na haɗo, a sa mai Turanci ya karanta maka.

Taka,
Lantana

Talata Mafara, 17 ga Oktoba

Baban Mufida,

Sallama da fatan ka tashi lafiya. Dikko ya ce ka wuce Maradun, kana bin dillalan shanu gida gida kana neman gafara, kana tafiya kana tsayawa saboda numfashi. Ya kuma faɗa mini saƙonka: wai Allah ya saka mini da alheri, ka san rarrashi nake, ko buɗe takardar likitan ba ka yi ba.

Na san inda ka samo wannan. Lokacin ciwon Inna mahaifiyarka, ni da kai muka fito daga wurin likita da mugun labari, muka share hawaye a bakin ƙofa, muka shiga muka ce mata an ce da sauƙi. Ni na fara faɗa, kana tsaye kana ganin yadda na iya. Haka kowa ke yi wa majinyacinsa. Ban san zan wayi gari da gaskiya a hannu, in rasa mai karɓa ba.

To yau ba zan ce maka da sauƙi ba. Babu sauƙi. Za su buɗe ƙirjinka, wataƙila su yanke wani sashen huhun. Likita ya ce akwai waɗanda ba sa tashi daga irin wannan aiki, ko da yake kaɗan ne. Ina tsoro ƙwarai, Malam. Ka taɓa jin mai rarrashi ya faɗi wannan?

In ajali ne, ba ni da ta cewa. Amma kada ka mutu da ciwon da ake cirewa saboda ƙaryar da na yi wa Inna. Ranar Laraba da hantsi ina tashar motocin Sakkwato a nan Mafara da jakar kayanka. In mota ta cika ba ka zo ba, zan jira ta bayanta.

Allah ya sa ka karanta wannan.

Matarka,
Lantana