Ƙanwata Ta Zubar da Sifiri, Ni Kuma Na Yi Gum

Kaka, ki taimake ni kafin Litinin, don na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana.

Shekara tara ina haɗa shafukan intanet. Ƙanwata, ciki ɗaya, ni na koya mata aikin a kan tsohuwar kwamfutata mai fasasshen gilashi, ni na roƙa mata gurbi a ofishinmu. Teburinta yana kallon nawa.

Wani asibitin yara ya ba mu aikin shafin rigakafi. A wajen gwaji na sa yara 12 na safe da 3 na yamma, shafin ya ce jimillarsu 123. Na wuni ina tono inda ba nan ba. Ashe abin da na fi kowa sani ne: duk abin da aka buga a akwatin shafi, JavaScript, yaren da muke rubuta shafin da shi, rubutu yake ɗaukarsa, sai ya manna lambobin maimakon ya tara su. Ƙanwata ta zo aron caja, ta leƙo ta kafaɗata, ta sa umarnin Number da ke mayar da rubutu adadi. Sha biyar ta fito. A gaban oga, Kaka!

Tun ranar sunanta yake fara kira. A gida ma Mama kowane baƙo sai ta ba shi labarin. In ƙanwata ta yi dariya a ofis, sai in ture shayina gefe.

To, daɗi ya kwashe ta, ta bi komai tana mayarwa adadi, har lambobin wayar iyaye. Shi kuwa adadi ba ya riƙe sifirin farko, don haka saƙon tunin allura ba zai isa ga kowa ba. Tun Laraba na gani. Ita za ta nuna aikin a asibiti ranar Litinin. Wallahi ina son ƙanwata, amma zuciyata tana cewa in bari ta ɗanɗana. In yi shiru?

Yayan da aka manta

Amsar Kaka

Kai, mijin nawa, ashe haka kake da kishi? Gara da ban tare ba tukuna!

Ni aji huɗu na yi, sai da jikata ta karanta mini wasiƙarka sau biyu. Amma na gane. Akwai lambar da ake ƙirgawa, kamar ƙwai a kwando, akwai kuma wadda suna ce kawai. Wa ya taɓa tara lambar wayarsa da ta maƙwabcinsa? Kai ka mance ta farko, ita ta mance ta biyu. Kun yi canjaras, 'ya'yan mace ɗaya.

Ban ce ba ka da ciwo ba. A gyara wa babba kuskure a gaban ogansa akwai zafi, kuma da ta ja ka gefe da ya fi. Mamarku ma ta rage ganga. Sai dai wanda ya dasa bishiya ba ya fushi don ta fi shi tsawo.

Yanzu dubi wanda zai sha dukan. Ƙanwarka kunyar wuni ɗaya za ta ji. Jaririn da uwarsa ba ta samu saƙo ba fa, me ya yi maka? Kuma ranar da ta gane ka sani tun Laraba, ba kwamfutar da za ta gyara wannan.

Gobe da safe, kafin oga ya shigo, ja kujerarka zuwa teburinta, ka nuna mata, ka bar ta ta gyara da hannunta. Kada ka yi shela. Daga nan ka faɗa mata cewa abin ranar nan ya sosa maka rai. Za ta yi maka dariya, ka haƙura, aikin ƙanne ke nan.

Allah ya wanke maka zuciya, ya raya yaran asibitin nan, ya bar ku tare. In kuwa ka yi shirun, ka aiko mini da takardata, na fasa auren.